Ungozomar da Ba Ta Fita Madina

Hajiya Tasallah shekararta saba'in da huɗu. Tsohuwar ungozoma ce, mijinta ya rasu, tana zaune a unguwar Bani Harisa a gidan ɗanta na fari, Abdulazeez, mai haɗa magunguna a wani asibitin Madina. Fiye da shekara goma ke nan da saukarta, kuma in ban da kwanakin aikin Hajji na shekarar farko, ba ta taɓa kwana a wajen garin ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tana so ta mutu a Madina, a sallace ta a Masallacin Annabi, a binne ta a Baƙi'a. Kowane tsoho da Allah ya ba shi zama a garin nan yana da wannan burin, amma ita da hannu bibbiyu ta riƙe shi. Tun da likita ya gaya mata zuciyarta ta yi rauni, ta daina ko da zancen tafiya. In iyalin ɗanta sun tafi gida hutu, sai ta ɗauki jakarta ta koma wurin maƙwabciyarta Fatna, 'yar Chadi mai dafa wa masaukan alhazai abinci. Ƙanenta ya rasu a Zariya, ta yi ta'aziyya ta waya. An yi wani bikin dangi a Jidda, ta aika da turare. Mata ba sa shiga Baƙi'a da ƙafarsu, saboda haka abin da ta sani na maƙabartar shi ne abin da ake hangowa ta tsakanin ƙarafan katanga: ƙasa, da duwatsu marasa suna, da tattabaru. Takan ce wa Fatna, "Mu mata sai a kan makara muke shiga. To ina kan layi, ba zan bar layina wani ya shige ba."

An haife ta a Kurmin Ayaba, wani ƙaramin gari a bakin hanyar jirgin ƙasa a kudancin Kaduna. Mahaifinta tela ne a unguwar Musulmi. A ƙarshen garin, bayan kasuwar doya, akwai ɗakin haihuwa na 'yan mishan, kuma mai kula da shi wata Baturiya ce 'yar ƙasar Ayalan, Sista Filomena, ɗaya daga cikin matan cocin Katolika da ba sa aure, suke ba da rayuwarsu ga ibada da hidima. Gajeruwa ce, tana hawan babur zuwa ƙauyuka, tana Hausa da kaushin harshe, ga faɗa.

Tasallah tana 'yar shekara goma sha biyar ta kai wa yayarta kunu a ɗakin haihuwar, ta tarar ana tsakiyar naƙuda, ba mai riƙe fitila. Ta ajiye ƙwarya ta riƙe. Jini bai sa ta kau da kai ba. Washegari Sista ta faka babur a ƙofar shagon tela ta ce a ba ta yarinyar ta koya mata aiki. Tela ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: 'yarsa ba za ta taka coci ba.

Sista ta ce, "Malam, hannu nake nema. Coci tana da masu cika ta."

Hajiya ba ta taɓa cewa aikin ya zo da sauƙi ba. Sista tana duba farce kafin ta amsa gaisuwa. Ta taɓa jifan Tasallah da kwanon ƙarfe saboda ta taɓa ƙyalle mai tsabta da hannun da ta buɗe ƙofa da shi. Ta taɓa korarta gida mako guda saboda almakashi bai daɗe a tafasasshen ruwa ba, sannan ita da kanta ta je ta ɗauko ta a bayan babur. In ta yi wa mutum tsawa fiye da ƙima, da yamma za a gan ta ta zo da shayi a kofi ta ajiye a gabansa. Wannan shi ne ban-haƙurinta.

A daminar farko aka kawo wata Bafulatana daga ruga, ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa, an daɗe a hanya. Sista ta yi duk abin da ta sani. Da ta ga ba sauran abin yi, sai ta juyo ta ce, "Tasallah, ku me kuke yi wa mai mutuwa?"

Yarinyar ta ce ana juya shi ya fuskanci alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada.

"Ina alƙiblar?"

Tasallah ta nuna. Suka kama gadon ƙarfe su biyu suka ja shi da matar a kai, Sista ta ja labule, ta koma gefe ta haɗa hannuwanta, Tasallah ta sunkuya a kunnen matar tana faɗa tana maimaitawa har matar ta cika. Bayan an ɗauke gawar, Sista ta samo ƙusa ta ja layi a jikin bango, daidai inda fuskar matar ta kalla. Daga ranar abin ya zama ƙa'idar ɗakin. Duk Musulmar da rai ya yi wa halinsa a wurin, sai an juya gadonta zuwa layin nan, sai an kira Tasallah ko tana ina. In ta yi nisa, a kira matar liman. Wani Fada na wancan zamani ya yi ƙorafi cewa Sista tana barin rayuka suna wuce ta ba ta yi musu baftisma ba. Amsar da ta ba shi Tasallah ba ta ji duka ba, don da Turanci aka yi, amma ta ga fuskarsa lokacin da ya fito. Sista ta hana a yi zancen a gari. A bayan labule ake yi, a bayan labule ya tsaya.

Sun yi aiki tare shekara ashirin da 'yan kai. Tasallah ta yi aure a nan, ta haifi 'ya'yanta a hannun Sista, sannan aka yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Kano, suka tashi. Sista ba ta koma ƙasarsu ba. Ta tsufa a Kurmin Ayaba, ta rasu tana kusan shekara casa'in, aka binne ta a bayan ɗakin haihuwar. Shekarar da ta biyo baya Tasallah ta taho Madina.

Bara, wata ranar Asabar bayan azahar, wayar Abdulazeez ta yi ƙara da lambar Najeriya. Ya saurara, ya miƙa wa mahaifiyarsa.

Muryar ta ce, "Mama, barka da rana. Sunana Fada Luka Ɗan'inna, daga Kurmin Ayaba. Mun sha wuya kafin mu same ki. An ce mini mai yiwuwa ke kika yanke mini cibi."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Saratu mai ƙosai, ta bakin tasha."

"Kai ne mai ƙaton kan nan? Ai kun wahalar da mu, kai da uwarka. Yanzu har ka zama Fada?"

"Kan ne ya taimaka, Mama."

Da aka gama dariya da gaishe-gaishe, ya faɗi abin da ya sa ya kira. Bishop ɗinsu ya buɗe bincike a kan rayuwar Sista Filomena, don a ga ko coci za ta sa ta cikin waliyyai. Ya yi mata bayani a hankali, don ya ga abin baƙo ne a wurinta. A wurinsu, in ji shi, yawan masu yabo ba ya mai da mutum waliyyi. Sai an bari aƙalla shekara biyar ta wuce bayan rasuwa. Sannan bishop ya naɗa kwamiti, a tattara duk abin da mamacin ya rubuta, a kira waɗanda suka zauna da shi su yi rantsuwa su faɗi abin da suka gani. A cikin kwamitin akwai wanda aikinsa shi ne ya tono aibi, ya matsa wa shaidu da tambaya. In an gama, a rufe komai a akwati a buga hatimi a aika Roma. Can malamai za su yi shekaru suna dubawa. In sun gamsu cewa imanin mutumin da halinsa sun wuce na yau da kullum, Paparoma ya amince, an hau mataki ɗaya. Daga nan sai an samu marar lafiya da ya warke bayan an roƙi Allah ta hanyar mamacin, likitoci su bincika su ce ba su da bayani, sannan a kira shi mai albarka. Sai an sake samun irin wannan warkewa karo na biyu kafin a ce waliyyi.

Hajiya ta ce, "Wannan ai ya fi shari'ar gado tsawo."

"Wani lokaci waɗanda suka fara ba su ke gani ba, Mama. Shi ya sa muke sauri da tsofaffi. Cikin waɗanda suka yi aiki da ita tana da ƙarfinta, ke kaɗai kika rage."

"To tambaye ni, ga ni."

Nan ne maganar ta tsaya. Fada ya ce abin da aka faɗa a waya taɗi ne, ba ya shiga akwati. Shaida sai a gaban kwamitin, mutum uku a zaune, da mai rubutawa, ta rantse da Allah yadda addininta ya tanada, a karanta mata abin da ta ce, ta sa hannu. Su kuwa ba su da halin zuwa Madina su yi zaman coci. Ita za ta zo.

Ta ce masa ta ji, za ta yi tunani, ya gaida Saratu in tana da rai. Ta miƙa wa ɗanta waya ta tashi ta shiga ɗaki.

Fatna ce ta fara jin labarin, suna zaune a kicin ɗinta suna tsinke mulukiyya, wato ganyen lalo.

"La, la, ya Hajja! Shekara goma kina tsaron ƙofa, yanzu ki tashi saboda Banasariya? Ki je ki faɗi a can, a tura ki ramin jar ƙasa tsakanin gonakin doya?"

"Ban ce zan je ba."

"Kuma ki ba da shaida su mai da ita abin roƙo? Su riƙa kiran sunanta? Wannan zunubin a wuyan wa?"

"Baban Sundus ya tambayi wani malami a jami'a," in ji Hajiya. Haka take kiran Abdulazeez, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. "Ya ce faɗin abin da ido ya gani ba bauta ba ne. Abin da suka yi da shi, tsakaninsu da Ubangijinsu."

"Halas, shi ke nan, ki faɗa musu ta waya, in sun so su ɗauka, in ba su so ba su bari. Wallahi in kika tafi, ni zan shige gabanki a layin."

"Ke da ƙibar nan? Masu ɗaukar makara sai sun nemi ƙari."

Abdulazeez ya nemi mafita irin ta masu boko. Ya yi magana da Fada, ya dawo ya ce akwai yiwuwar a shirya zama a Alƙahira, inda akwai cocinsu, tafiyar ba ta da nisa, kwana biyu a dawo.

Ta dube shi ta ce, "Alƙahira Madina ce?"

"A'a, Hajiya, amma ta fi kusa."

"Mala'ikan mutuwa ba ya auna kusa. Fita fita ce."

Maganar ta kwanta watanni. Hajiya ta ci gaba da rayuwarta: asuba a gida, la'asar da magariba a Harami in an samu mai kai ta, ranar Juma'a tuwo da miyar kuka ga duk ɗan Najeriyar da ya leƙo. Fada Luka bai matsa mata ba. Yakan kira lokaci-lokaci ya gaishe ta, ya ce kwamiti yana ta jin shaidu, za su rufe akwati kafin ƙarshen wannan shekara.

Bayan babbar Sallah ya sake kira. Ita ce ta tambaye shi me shaidun suke faɗa.

Ya ce ba ya cikin masu zama, kuma abin da aka faɗa a gaban kwamiti sirri ne, amma abin da mutanen gari suke faɗa a kasuwa kowa ya sani. Suna cewa Sista ba ta taɓa ɗaga murya ba, ba a taɓa ganin fushinta ba.

Hajiya ta yi dariya har tari ya kama ta. "Wace Sistar? Har yanzu akwai tabon kwanonta a gwiwar hannuna!"

"Abin da ke damunmu ke nan, Mama. Waɗanda suka rage sun san ta ne tana tsohuwa a kujera tana raba alawa. Can Roma in suka ga kowa yabo kawai yake yi, sai su ce ba wanda ya san ta da gaske. Sun fi son wanda zai ce tana da fushi, ga yadda ta yi fama da shi."

Sannan ya ƙara da wani abu, kamar a wuce. Ya ce mutane sun fara zuwa tsohon ɗakin haihuwar suna addu'a. Akwai wani layi da aka ƙarta a bango, suna shafa shi suna shafawa a goshi. Wasu sun ce gicciye ne ta fara zanawa aka kira ta wurin mai naƙuda ba ta ƙarasa ba. Wasu sun ce nan take durƙusawa. Har an sa masa gilashi.

Hajiya ta miƙe zaune.

"Mama, kina ji na?"

"A bangon gabas? Kusa da taga ta biyu, daidai ƙugu?"

"Nan ne. Kin san shi?"

"Ɗana, wannan alƙibla ce."

Ta ba shi labarin Bafulatanar, da jan gado, da ƙusa, da matan da suka biyo baya, waɗanda ba ta iya ƙirga su ba. Fada bai katse ta ba. Da ta gama, ya ce bai taɓa jin wannan daga bakin kowa ba, kuma ba ya cikin takardun Sista. Ya ce bai san yadda za a ɗauke shi a Roma ba, wasu za su ga babbar ƙauna ce, wasu za su yi tambaya. Amma ko ta wace fuska, in bai shiga akwatin ba, wata mata daban za a aika musu.

"Kuma abin da na faɗa maka yanzu taɗi ne," in ji ta.

"Taɗi ne, Mama."

Ba ta gaya wa kowa abin da take saƙawa ba. Ta je Harami kwanaki a jere, ta zauna a inuwar manyan lemomi ta ɓangaren mata har a yi sallar gawa bayan la'asar, ta ga an wuce da makara a guje, ta dawo gida. Wata safiya, Abdulazeez yana ɗaura agogo zai fita aiki, ta kira shi ta ce ya zauna.

"Sistar nan addininta daban, amma ba ta yarda Musulma ɗaya ta mutu a hannunta fuskarta na kallon wani wuri ba. Ba wanda ya sa ta. Zagi ma ta sha a kai. Ni kuma na zauna a nan ina gadin tawa mutuwar, gaskiyarta tana hannuna ni kaɗai. In na shiga Baƙi'a da ita a bakina, me zan ce?"

"Hajiya, zuciyarki fa. Likita ya ce..."

"Na ji likita. Ka yi mini takardar fita da dawowa. Kuma ba Alƙahira ba. In zan fita, sai na ga bangon da idona, na nuna musu yadda ake jan gadon."

Fatna ta yi fushi kwana biyu, ba ta ɗaga waya. A rana ta uku ta zo da gorar Zamzam da ƙullin busasshen nama, tana share hawaye da gefen mayafi tana faɗa. "Ki sha wannan kawai, kar ki sha ruwan rijiyarsu. In kika mutu a can, wallahi ba zan yafe miki ba."

"In na mutu a can, ki yi mini addu'a a nan. Ta fi saurin isa."

Abdulazeez ya ɗauki hutu don ya raka ta. Likita ya ƙara mata magani, ya ce a nemi keken guragu a filin jirgi. Fada Luka ya ce kwamiti zai zauna mata kwana biyu, da hutu a tsakani, zai aiko mota Kano ta ɗauke su.

Ana gobe tafiya ta sa ɗanta ya kai ta kasuwar dabino. Ta ɗanɗana na shago uku kafin ta zaɓi ajwa, ta ce a ɗaura kwali huɗu: ɗaya na Fada, ɗaya na mutanen kwamiti, har da mai tono aibin, biyu na dangi. Abdulazeez ya ce ko Fada ya san darajar ajwa. Ta ce ba a zuwa daga Madina hannu rabbana, ko wurin wa za a je.

A hanyar dawowa ta ba shi wasiyya, idonta a kan titi. In ta cika a can, kar ya yi wahalar neman dawo da gawa, kar ya ajiye ta a firij yana bin ofisoshi. A yi mata wanka a unguwar Musulmi, a binne ta a ranar, kusa da mahaifinta in akwai wuri. Ya ce in Allah ya yarda tare za su dawo. Ta ce ita ma haka take roƙo, amma ya amsa mata tukuna. Ya amsa.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, suka kama hanyar filin jirgi. Da suka zo allon da ke nuna iyakar Haramin Madina, Abdulazeez ya rage gudu, yana tsammanin za ta so a tsaya. Ta ce ya wuce, kar su makara. A filin jirgi ta karɓi keken da aka kawo mata, ta ɗora kwalayen dabino a kai, ta tura shi da kanta har ƙofar shiga jirgin Kano.